Sayen kwamfutar gem da kuɗi ƙalilan: shawara ga sababbin zuwa Ingila

Kowace shekara, daga tsakiyar Satumba zuwa farkon Oktoba, idan sababbin ɗalibai suka sauka a Ingila, tambayoyinsu na farko ba su wuce na masauki da asusun banki da inda ake samun naman halal ba. Bayan mako biyu ko uku, idan hankali ya ɗan kwanta, sai wani daga cikin matasan ya ja ni gefe bayan sallar Juma'a ya ce, "Yaya, ina son laftof da zan yi karatu da ita, kuma ta ɗauki gem, amma kuɗina ba su taka kara sun karya ba." Ba na ganin laifin wannan buri ko kaɗan. Wanda bai taɓa yin hunturu a ƙasar nan ba bai san tsawon dare ba, domin a watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, sanyi ya kulle kowa a ɗaki, kuma wasan ƙwallo ɗaya da mutum zai buga ta intanet da abokinsa da ke Kano ko Maraɗi yana rage masa kewar gida fiye da yadda manya suke zato. Abin da ke damuna shi ne yadda ake yin sayen, domin na sha ganin kuɗin da iyaye suka yi gumi kafin su tara sun tafi a kan na'urar da ba ta biya buƙata ba.

Shawarata ta farko, ƙanena, ita ce kada ka sayi komai a watanka na farko. A wannan lokacin ba ka riga ka san abin da haya da abinci da motar haya da rigar sanyi za su riƙa ci maka ba, kuma bizar ɗalibi mai karatun digiri ba ta yarda ka yi aikin da ya wuce awa 20 a mako ba muddin ana cikin zangon karatu, saboda haka kuɗin da ya fita ba ya dawowa da sauri. Karatunka ba zai tsaya ba, tunda ɗakunan karatu na jami'o'i cike suke da kwamfutoci, wasu jami'o'in ma suna ba da aron laftof na 'yan sa'o'i ko kwanaki. Haƙurin kuma yana da riba biyu. Da adireshin imel na makarantarka za ka yi rajista a UNiDAYS ko Student Beans, inda kamfanoni da dama suke yi wa ɗalibai ragi, sannan a ƙarshen Nuwamba ake yin Black Friday, lokacin da manyan shaguna irin su Currys da Argos da Amazon suke karya farashi. Sai dai ba kowane ragi da aka rubuta da jan alƙalami ba ne ragi na gaskiya, don haka ka zaɓi kwamfutoci biyu ko uku tun a Oktoba, ka riƙa rubuta farashinsu a takarda duk mako, yadda idan ranar ta zo kai da kanka za ka san ko an sauke ko ba a sauke ba.

Yanzu sai ainihin na'urar. Mu da muka taso muna sayen kwamfuta a titin Beirut na Kano da kasuwanni irinsa, tambayar da muka saba yi ita ce, "Core i nawa ce?" Da an ce i7 sai zuciya ta kwanta. Wannan tambayar ita ce ta fi jefa sababbin zuwa cikin asara, domin i5 da i7 sunayen firosesa ne, wato ƙwaƙwalwar na'urar, kuma a harkar gem ba firosesa ce ke ɗaukar babban kaya ba, katin hoto ne, wato ɓangaren da ke zana duk abin da kake gani yana motsi a allo. Masu talla sun san rauninmu, shi ya sa za ka ga an rubuta i7 da manyan baƙaƙe, sunan katin kuma yana can ƙasa cikin ƙananan rubutu. Kwamfuta mai i5 ko Ryzen 5 da katin RTX 4060 za ta bar mai i7 da katin RTX 3050 a baya nesa ba kusa ba, alhali sau da yawa farashinsu bai da wani tazara. Idan kuɗinka ba su wuce fam 700 ko 800 ba, to ka fara da neman katin da ya fi ƙarfi da kuɗin za su iya kaiwa, sauran abubuwa su biyo baya.

Ga yadda katunan Nvidia na ƙananan kwamfutoci suke a jere. RTX 2050 yana da ma'ajiyar hoto ta giga 4, kuma ba na ba kowa shawarar sayensa yau, ko da an yi masa araha, domin araha ba ta ado. RTX 3050 yana zuwa da giga 4 ko 6, zai ɗauki ƙwallon EA Sports FC da eFootball da GTA V ba tare da wahala ba, amma sababbin manyan gem za su sa shi haki. RTX 4050 yana da giga 6, RTX 4060 kuma giga 8, haka nan 5050 da 5060 da suka fito a 2025 kowannensu giga 8 gare shi. Dalilin da ya sa nake nanata wannan lamba shi ne, a laftof ba a canza katin hoto kuma ba a ƙara masa ma'ajiya, manne yake a jikin allon na'urar, abin da ka saya da shi za ka zauna har ranar da za ka rabu da ita. Wanda zai iya kaiwa ga mai giga 8, ko da zai ƙara jiran wata guda ne, ya daure ya kai.

Akwai wani abu da shaguna ba kasafai suke rubutawa ba, kuma shi ne ya fi ruɗar mutane: kati ɗaya, suna ɗaya, amma ƙarfinsa ya bambanta daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Kamfanin Nvidia ya bar wa masu ƙera laftof damar ba RTX 4060 wutar da ta kama daga wat 35 zuwa wat 115. Kwamfuta siririya marar nauyi, wadda fankarta ba za ta iya fitar da zafi mai yawa ba, sai a taƙaita wa katinta wuta, wani lokaci zuwa wat 45, ya zama kamar doki mai ƙarfi da aka ɗaure wa ƙafa. Mai kauri kuwa, wadda aka yi wa fanka biyu da manyan kafofin iska, ana sake wa katinta mara ya yi aiki da dukkan ƙarfinsa. Kafin ka biya, ka ɗauki cikakkiyar lambar samfurin, ka shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta, ka nemi inda aka rubuta TGP, wato yawan wat ɗin da aka ba katin. Jerin da aka yi domin masu ƙaramin ƙarfi, irin su Lenovo LOQ da Acer Nitro da ASUS TUF da HP Victus, kowannensu yana da samfura iri-iri, saboda haka sunan jerin kaɗai bai isa hujja ba, sai an duba lambar.

Ram kuwa, wato ma'ajiyar wucin gadi da na'urar ke riƙe aikin da take yi a lokacin, ka nemi giga 16. Idan mai giga 8 ce kawai kuɗinka suka kai, kada ka ƙi ta saboda haka muddin katinta mai kyau ne, amma ka tabbatar tana da gurbin da za a ƙara wata daga baya, domin akwai waɗanda ram ɗinsu a manne take. Ma'ajiyar SSD, inda ake ajiye gem da fayiloli, ta giga 512 za ta ishe ka farawa, kodayake gem ɗaya irin Call of Duty yana iya cinye fiye da giga 100. Allo mai 144Hz, wato mai sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa, ya zama ruwan dare a wannan farashi, fitilun ado masu canza launi a madannai kuma ba su ƙara wa gem komai, kada ka biya ko kwabo saboda su.

Ya kamata in faɗa maka abin da za ka rasa, domin kada ka ce ba a gaya maka ba. Kwamfutar gem tana da nauyi, yawanci ta haura kilo 2, cajarta kuma ita kanta ƙaramin bulo ce. Batirinta ba ya kai mutum yini a aji, kuma ba ta nuna ƙarfinta sai tana jone da wuta. Fankarta tana ƙara, abin da za ka lura da shi ranar da ka buɗe ta a sashen da aka hana surutu a ɗakin karatu. Idan kai ɗalibin injiniya ne ko zanen gine-gine ko haɗa bidiyo, katin hoton zai yi maka aiki biyu, kuɗinka sun tafi inda ya dace. Idan kuwa karatunka rubutu ne da karanta takardu, kuma ƙwallo kaɗai kake bugawa, to ka yi lissafi da kyau, domin ƙaramar laftof marar nauyi tare da PlayStation ta hannu suna iya fi maka daɗin zama.

Batun kayan hannu yana buƙatar a tsaya a kansa, domin da yawa daga cikinmu mun zo da tunanin cewa tunda kwamfutocin hannu da ake sayarwa a gida daga Landan ake cewa an kawo su, a nan za a same su kamar kyauta. Akwai masu kyau, amma akwai bambanci babba tsakanin saye daga shago da saye daga mutum. Wata rana na raka wani yaro ɗan Zariya duba laftof da ya gani a wani shafin saye da sayarwa. Mai ita ya kawo ta wani shagon shayi kusa da tashar jirgin ƙasa, a goge tas, batir a cike, yana ta duba agogo. Yaron har ya ciro waya zai tura kuɗi, sai na roƙi a ba mu minti 20. Na danna Ctrl da Shift da Esc tare domin buɗe Task Manager, inda ake ganin kayan cikin na'urar, sunan katin da ya bayyana ba shi ne wanda aka rubuta a talla ba, tsoho ne da ya girme shi da shekaru. Na buɗe rahoton batir da umarnin powercfg /batteryreport, sai ga shi abin da batirin ke iya riƙewa bai kai rabin yadda aka ƙera shi ba. Da muka kunna gem, kafin minti 10 madannan sun yi zafin da ba a iya ɗora yatsa a kansu, hoton kuma ya fara tsalle. Muka yi masa godiya muka tafi. Gani ya kori ji, kuma duk mai sayarwar da ya hana ka wannan gwaji ko ya ce ka tura kafin alƙalami tun ba ka ga kaya ba, ka rabu da shi.

Wani tarkon kayan hannu shi ne tsufa. Lambobin farko da ke bayan i5 ko i7 su ne ke nuna zamanin firosesa: i7-7700HQ ta ƙarni na 7 ce, ta 2017, ita kuwa i5-13420H ta ƙarni na 13 ce, kuma ta fi waccan i7 ɗin gudu ƙwarai. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida tana buƙatar firosesar Intel ta ƙarni na 8 zuwa sama, saboda haka kwamfuta mai waccan i7 ɗin ba ta cika sharaɗin ba.

Abin da ya sa nake karkata ga shago shi ne dokar ƙasar, wadda yawancin sababbin zuwa ba su san tana tare da su ba. A ƙarƙashin dokar haƙƙin masu saye ta 2015, idan ka sayi kaya daga ɗan kasuwa suka fito da aibi, kana da kwana 30 da za ka mayar a ba ka kuɗinka cif. Idan aibin ya bayyana cikin wata 6 na farko, ana ɗauka da shi aka sayar maka sai in shagon ya kawo hujjar akasin haka, kuma wajibinsa ne ya gyara ko ya canza. Idan ta intanet ka saya, kana da kwana 14 daga ranar da kayan suka iso ka ce ka fasa, ko da babu aibin komai. Wannan kariya ta shafi kayan hannu da waɗanda aka yi wa kwaskwarima matuƙar daga ɗan kasuwa suka fito, kamar shagunan CeX da za ka gani a tsakiyar garuruwa da yawa, amma mafi yawanta ba ta aiki a cinikin da ka yi da mutum a bakin tasha. Ka adana rasit da kwalin, kuma ka gwada na'urar sosai a makon farko: ka buga gem mai nauyi na awa guda, ka danna kowane madanni, ka jona abu a kowace kafa, ka duba allon ko akwai ɗigon da ya mutu.

A wurin biya za a yi maka tayin ɗaukar kaya yau ka biya daga baya, ta Klarna ko PayPal ko bashin shagon kansa. Wasu daga cikin waɗannan tsare-tsare ba su da kuɗin ruwa idan an biya a kan lokaci, wasu kuma da zarar wa'adin ya wuce sai ruwan ya hau, kuma jinkirin biya yana iya ɓata maka suna a rajistar masu bashi, wadda ake dubawa ranar da za ka nemi kwangilar waya ko hayar gida. Musulmi yana da dalilinsa na addini na gudun riba, amma ko babu wannan, ban ga hikimar baƙon da bai cika wata uku ba ya ɗaura wa kansa bashi saboda wasa. Daidai ruwa daidai tsaki.

Saura ƙananan abubuwa. Filogin Ingila mai ƙafa uku shi ne wanda aka sani a Nijeriya da Gana, don haka cajar za ta yi aiki a gida ba tare da canji ba, amma 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi za su buƙaci ɗan mahaɗi na mai ƙafa biyu, kuma za su tarar da jerin baƙaƙen madannan ya bambanta da na Faransanci da suka saba da shi. Cikin saitin harsuna na Windows akwai madannan Hausa, waɗanda za su ba ka ɓ da ɗ da ƙ. Idan kana da niyyar komawa da kwamfutar gida bayan karatu, ka bincika ko garantinta yana aiki a wajen Birtaniya, domin da yawa ba ya tsallake iyaka. Ranar tafiya ka sa ta a jakar hannu, kada ka bar ta a akwatin da za a jefa cikin kaya. Idan ka isa, ka riƙa ɗora ta a kan tebur maimakon katifa ko darduma, kuma bayan kowane hunturu ka kai ta a buɗe a share ƙurar da fankokin suka haɗiya.