Kada ku ninke tsohon kyallen tallar 'yan wasa

Jama'a, duk wanda ya mallaki kyallen nan mai zanen hannu da aka saba ratayawa a da ƙofar tantin 'yan wasa a Amurka, mai hoton mai haɗiye takobi ko mace mai gemu, don Allah kada ya ninke shi. Fentin ya tsufa, duk inda aka karya nan zai tsage ya zube. A naɗe shi jikin faffaɗan bututu, zanen yana waje. Ni garin wanke nawa da ruwa na dame fuskar mutumin da ke jikin zanen, har yau ina cizon yatsa. Burushi mai laushi ya wadatar. In za ku saya, kafin ku biya, ku duba ƙasan kyallen: sa hannun masu zane irin su Fred Johnson na Shikago ko Snap Wyatt na Tampa kan ɗaga kuɗinsa sosai.