Kurakuran da aka fi yi wajen tsinkar bilakberi a karkarar Birtaniya

Daga watan Agusta zuwa ƙarshen Satumba, shingayen gonaki da gefen hanyoyin ƙafa a Birtaniya sukan cika da bilakberi, wani baƙin ɗan itace mai zaƙi da ɗan tsami da yake fitowa a jikin sarƙaƙiya. A Ingila da Wales, dokar sata ta 1968 ta yarda mutum ya tsinka domin cin kansa muddin ba sayarwa zai yi ba, amma dokar 1981 mai kare namun daji da karkara ta hana tumɓuke shukar sai da izinin mai ƙasa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gaggawar tsinkar wanda bai gama nuna ba. Bilakberi ba ya ƙara nuna bayan an raba shi da reshe, saboda haka wanda yake da sauran ja a jikinsa da tsaminsa zai isa gida. Nunanne shi ne wanda ya yi baƙi ƙirin, ya cika, kuma da an taɓa shi ya biyo hannu. Idan sai an fizga, a bar shi ya ƙara kwana biyu. Ɗan da yake can ƙarshen zangarniya shi yake fara nuna, kuma a ganina shi ya fi zaƙi.

Mutane da yawa kuma sukan zuba abin da suka tsinka a leda ko a bokiti mai zurfi, sai na sama ya danne na ƙasa, kafin a iso gida duk ya dame. Roba mai faɗi marar zurfi, mai murfi, ita ce ta dace, kuma gara ƙanana guda uku da babba guda ɗaya.

Ƙayar wannan shuka a lanƙwashe take, tana kama tufa da fata. Ya kamata a sa riga mai dogon hannu, da wando mai kauri, da takalmi rufaffe, musamman da yake ciyawa mai ƙaiƙayi da kaska suna yawan zama a irin wuraren, kaskar kuwa tana iya ɗaukar cutar Lyme. Safar hannu ta fata ta ishi hannun da zai riƙe reshe, ɗayan a bar shi haka domin ya ji laushin ɗan itacen. Sanda mai ƙugiya tana jawo rassan sama ba tare da mutum ya kutsa cikin ƙaya ba.

Wurin tsinka ma abin lura ne. A guji bakin titin da motoci suka yi yawa, da gefen gonar da aka yi wa feshi, da duk abin da yake ƙasa da gwiwa, domin nan karnuka suke fitsari.

A gida, wanke shi tun kafin lokacin ci yana jawo fumfuna da wuri, ko a firiji ma kwana biyu zuwa uku kawai yake yi. Idan za a ci, a jiƙa shi a ruwa mai ɗan gishiri domin tsutsa ta fito, sannan a ɗauraye. Wanda za a ajiye a shanya shi a faranti a sa a firiza, sai ya daskare a juye a leda. Tsofaffin Turawa sukan ce ba a tsinka bayan 11 ga Oktoba domin Shaiɗan ya tofa masa yawu, kuma a lokacin ne sanyi da laima suke sa fumfuna ta kama 'ya'yan da suka rage a reshe.