Yadda ake saka maganar ɗan ƙasa da baƙo a labarin halittun sararin samaniya na yara

A Jos kalmar "baƙo" tana da nauyi. Ɗan aji biyar na firamare ya riga ya ji manya suna gardamar ɗan ƙasa da baƙo, wataƙila ma ya ga yayarsa tana zaryar neman takardar shaidar ƙaramar hukuma kafin ta shiga jami'a. Saboda haka marubucin da ya sauko da kumbo a bayan Dutsen Shere, ya fito da wata halitta daga ciki, ya riga ya taɓo siyasa ko da bai yi niyya ba. Gara ya taɓo ta da saninsa.

Ka zaɓi matsala ɗaya tak, kuma ta zama abin da yaro zai iya gani da ido. Kalmar "wariya" ba ta da hannu ba ta da ƙafa. Amma ga fom ɗin shiga makaranta mai gurbin "ƙaramar hukumar asali", ga ɗan baƙon riƙe da biro ya rasa abin rubutawa, domin a nan aka haife shi, kakansa ne ya zo a kumbo. Wannan yaro zai gane shi nan take. Layin ruwa a bohol ma yana aiki: wa zai fara ɗiba, jarka nawa gida ɗaya zai samu.

Wurin saukar kumbon na da muhimmanci. Kada ka ajiye shi a unguwar da kowa ya san su wa ke zaune a cikinta, don tun bayan rikicin Satumbar 2001 sunan unguwa kaɗai yana gaya wa mai karatu ɓangare. Bakin tsohon tafkin haƙar kuza a wajejen Bukuru ya fi. Kuza ce ta jawo mutane daga ko'ina zuwa Filato a zamanin Turawa, to idan baƙinka ma'adini suka zo nema, tambayar ta taso da kanta: na wa ne abin da ke ƙarƙashin gona? Tsarin mulkin 1999 ya ce na gwamnatin tarayya ne, manomin da ke saman ƙasar kuwa yana da nasa ra'ayin.

Babban kuskure shi ne baƙon ya zama wata ƙabila da aka shafa wa koren fenti. Yana faruwa ne ta ƙananan abubuwa: irin tufafi, karin harshe, abincin da ba ya ci, ranar ibada. Da zarar ɗaya ya shigo, yaro ya daina karanta labari ya koma nuna ɗan ajinsu da yatsa. Maganinsa ka gina al'adar baƙon daga jikinsa da duniyarsa. A ce daga duniya irin Mirrihi (wato Mars) yake, inda nauyin abu bai wuce kashi 38 cikin 100 na nauyinsa a nan ba, sanyi kuma ya fi na firiza. A Jos ƙafafunsa za su yi ta ciwo, don haka a kwance yake gaisuwa, dattawa su ce ba shi da kunya. Cikin hunturun Disamba, yara na rawar ɗari da rigunan sanyi, shi yana zufa yana roƙon ƙanƙara, a ce yana yi musu ba'a. Ka ga rashin fahimta ya samu ba tare da ka aro halin kowa ba.

Sai batun aljani da dodo. Yaron da ya tashi da tatsuniya, idan halittarka da dare take fitowa, tana ɓacewa ko tana shiga jikin mutum, aljani zai ɗauke ta, labarin ya koma na tsoro. Ka ba ta injin da ke lalacewa har sai an kira bakanike, ka ba ta yunwa, da uwa mai faɗa.

Masu adawa da baƙin su ma a ba su hujja mai kama hankali. Matar da ruwan bohol ya daina isar gidanta ba muguwa ba ce. Cikin baƙin kuma a samu saɓani, wani na son zama, wani na ganin mutane ba abin yarda ba ne. Kada mai unguwa ya tashi a babin ƙarshe ya yi wa'azin zaman lafiya. Yara suna jin ƙamshin wa'azi daga nesa. Su warware ƙaramin abu da hannunsu, misali a ƙara gurbi ɗaya a fom ɗin makarantarsu, babbar dokar ta ci gaba da zama yadda take.

Ga 'yan shekara 8 zuwa 12, kalmomi 1,500 zuwa 2,000 sun isa, a babi biyar, da mutum huɗu masu suna. Baƙon ya bayyana kafin shafi na biyu ya ƙare. Sababbin kalmomi irin su kumbo da tauraron ɗan'adam kada su wuce biyar, kuma kada a nuna kisa.

Kafin ka kai wa mai buga littafi, ka karanta wa yara shida daga makarantu daban-daban, da izinin iyayensu. Tambaya ɗaya za ka yi musu: "Su waye waɗannan baƙin?" In wani ya ambaci ƙabila ko addini, ka tambaye shi wane layi ne ya nuna masa, ka ja layi a ƙarƙashinsa, ka sake rubuta babin.