Yadda Ake Share Indararo da Gyara Shi Kafin Damina

Gidaje da yawa da ke yoyo a watan Agusta kwanon rufinsu lafiya lau yake, indararo ne ya toshe. Tun daga Nuwamba iskar hunturu ke zuba ƙura a kan rufi, guguwar bazara ta kwaso ganyen darbejiya da na mangwaro da leda ta tara a lungu, tattabaru su ƙara da sheƙa. Ruwan farko na sauka duk wannan ya zama taɓo ya cushe mafita, sai ruwan ya koma silin ko ya bi jikin bango.

Kuma ruwan ba kaɗan ba ne. Milimita 1 ta ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufi mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 30, zai kwararo da lita 3,000, wato jarka 120 mai cin lita 25, wani lokaci cikin awa guda.

A Kano, Katsina ko Maraɗi, watan Afrilu zuwa farkon Mayu ne lokacin wannan aiki. Mutanen Kaduna da Jos su riga haka, don ruwansu na sauka da wuri. Ka hau da sassafe kafin kwano ya ɗau zafi, kuma tun dattin yana bushe, ya fi sauƙin kwasa.

Ka tanadi tsani mai ƙwari, bokiti da igiya, cokalin gini, gajeriyar tsintsiya, safar hannu, doguwar waya mai kauri, da ruwa.

Da farko, kafa tsani. A nan ake samun karaya, don haka kada ka yi gaggawa. In tsayin da za ka hau mita 4 ne, gindin tsanin ya nisanci bango da mita 1. Jingina shi da bango ko katakon bakin rufi, ba da indararon ba, domin na roba fashewa yake, na kwano kuma ya lotsa. Wani babba ya riƙe maka a ƙasa, ba yaro ba. Duba inda wayar wuta ta shigo gidan tun kafin ka ɗaga tsanin ƙarfe. In dole sai ka taka rufi, bi layin ƙusa, nan ne katako yake a ƙarƙashi.

Na biyu, kwashe dattin. Fara daga bakin mafitar ruwa ka yi baya, kana zubawa a bokiti. Kuskuren da aka fi yi shi ne a share komai a tura cikin bututu da sunan ruwa zai tafi da shi. Ba zai tafi ba, a gwiwar bututun zai tsaya. Ƙurar da ta daskare a ƙasa kankare ta da cokalin gini a hankali, kada ka huda tsohon kwano. Kashin tattabaru in ya yi yawa, yayyafa masa ruwa ka rufe hanci kafin ka taɓa, shaƙar ƙurarsa na da illa.

Na uku, zuba ruwa bokiti biyu daga can ƙarshe ka tsaya ka kalla. Wannan gwajin shi ke faɗa maka gaskiya. In ruwan bai fito ƙasa da ƙarfi ba, bututu ya toshe: zura waya, in ta ƙi ka kwance gwiwar ka kakkaɓe. In ruwan ya kwanta a tsakiya, indararon ya yi ciki, ko ƙarfen da ke riƙe shi ya saki. Ɗaure shi yadda zai ɗan karkata wajen mafita, kamar rabin santimita zuwa santimita 1 a kowace mita. Kada ka raina ɗan ruwan da ya kwanta. Sauro na iya tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin mako guda ko kwana goma.

Na huɗu, toshe yoyo. Ƙaramar huda a kwano, goge tsatsar, bari ya bushe, ka manna ledar kwalta ko ka shafa gam ɗin silikon. In hudojin sun yi jeri, faci ɓata kuɗi ne, kira kafinta ya sauya wannan gaɓar.

Gidajen zamani masu ɓoyayyen rufi, waɗanda bango ya zagaye kwanon, sun fi kowa shan wahala, don indararonsu na siminti ne a ciki, ba a ganin toshewarsa daga ƙasa sai silin ya yi tabo. Nemi tsaga a simintin, magini ya cike ya shimfiɗa ledar kwalta, sannan a sa raga a bakin kowane bututu. Gidan soro kuwa, gindin indararo za ka duba, inda ya shiga jikin ginin ƙasa, don nan ruwa ke fara ci. Tuge ciyawar da ta tsiro, a sabunta yaɓe.

Sai inda ruwan ke faɗuwa. In a gindin bango ne, sa dutse ko daɓen siminti, ka ja masa hanya zuwa kwata. Ka kuma tabbata bakin indararonka bai fuskanci katangar maƙwabci ba. Rigimar da mai unguwa ke rabawa kowace damina ke nan.

Masu tarar ruwa a tanki ko randa su bar na farko ya zube, wankin rufi ne. Bayan an yi ruwa mai ƙarfi sau biyu ko uku a sake hawa a duba, sannan a ƙara dubawa a ƙarshen Yuli, kafin ruwan Agusta ya kankama.