Kurakuran da sababbin masu lofe ke yi da tabar falle

Duk wanda ya fara shan lofe a Kaduna, aka kawo masa gwangwanin tabar falle daga waje, kukansa ba ya wuce uku: ko ta ƙi kama wuta, ko ta ƙona masa harshe, ko ya buɗe gwangwanin bayan 'yan kwanaki ya tarar ta bushe ƙayau. Daga nan sai ya ce jabu aka sayar masa. Na gaji da maimaita bayani ɗaya a majalisa, shi ya sa na zauna na rubuta. Da manya nake magana, waɗanda sun riga sun zaɓi sha. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, kuma kada wani ya ruɗe ka cewa lofe ba ya illa don ba a haɗiye hayaƙinsa. Yana jawo dajin baki da na maƙogwaro.

Ita wannan taba, ganye ake jerawa a danne a inji na kwanaki ko makonni, wani lokaci da zafi, har ya zama dunƙule ɗaya, sannan a yanka shi falle-falle. Dannewar ce ke sa ɗanɗanon ya nuna, ta riƙe danshi, ta kuma ci wuta a hankali. Ke nan abin da ke cikin gwangwanin bai gama shiri ba, sauran aikin a hannunka yake.

Babban kuskure, wanda ya fi cin kuɗin mutane, shi ne sha'anin danshi. Yawancin tabar nan daga ƙasashe masu laima take fitowa. Kamfanin Samuel Gawith, wanda tarihinsa ya faro tun 1792, a Kendal yake, a arewacin Ingila, yankin da ya yi suna wajen yawan ruwan sama. Mac Baren kuma a Svendborg yake, a ƙasar Denmak. Full Virginia Flake ta Gawith a jiƙe take zuwa, har tana manne wa yatsa. Saboda haka in ka shiga intanet za ka ga ana cewa a shanya falle awa ɗaya, wasu ma su ce a bar shi ya kwana a waje. Ba ƙarya suke yi ba, da iskar garinsu suke lissafi. Kai kuma kana Kawo ko Unguwar Rimi a watan Janairu, lokacin da laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, lokacin da leɓe ke tsagewa, sai ka ɗauki wannan shawara ka yi aiki da ita. Da safe ka taɓa fallen ya ruguje a hannunka. Ka zuba a lofe, ya ci wuta da sauri, hayaƙin ya fito da zafi da kaifi, babu zaƙin da aka saye shi dominsa.

A watan Agusta kuma labari ya juya. Ka shanya falle minti 30 kana zaton ya yi, alhali iskar ɗakin ma a jiƙe take. Ka cusa, ka ƙarar da rabin kwalin ashana, lofe na ƙarar ruwa a maƙogwaronsa, tururi na dafa maka harshe, a ƙarshe ka zubar da jiƙaƙƙen saura a gindi. Mutane da yawa ba su san cewa jiƙaƙƙiyar taba ma tana ƙona harshe ba, don sai ka yi ta zuƙa da ƙarfi kafin ta ci gaba da ci.

Ni na daina duba agogo, yatsa nake tambaya. Ina lanƙwasa fallen: in ya lanƙwasu laƙwas ba ko tsaga, da saura, in ya fara tsagewa yana bin zarensa amma bai karye ba, ya yi, in ya karye ɓas, an makara. In kuma na riga na murje ta, sai in matse 'yar kaɗan. Ta dunƙule ta zauna, jira. Ta warware da kanta a hankali, cusa. Da hunturu falle ɗaya nake cirowa, in rufe sauran nan take, kuma sau da yawa kafin in gama goge lofe ya yi. Da damina nakan shimfiɗa shi a kan farar takarda ƙarƙashin fanka, wani sa'in fiye da awa ɗaya. Rana kam ban yarda da ita ba ko da wane lokaci ne, tana busar da waje ta bar ciki, ta kuma kwashe ƙanshi.

Sai ajiya. Gwangwanin giram 50 ɗin nan, daga ranar da ka fasa hatiminsa ya daina tsare iska, musamman mai kusurwa huɗu. Da hunturu ba ya kai ka ko'ina. A juye a kwalbar gilashi mai roba a murfi. Kwalbar Bama ma tana yi, amma sai an wanke ta an shanya har warin da ke murfin ya fita sarai, in ba haka ba taba ta ɗauka.

To ga abin da har yau in na tuna raina ke ɓaci. Ina da kwalba guda ta tabar Virginia, wato nau'in ganyen taba mai zaƙi, da na rufe shekaru ina jira ta nuna, don irin wannan taba ƙara daɗi take yi da daɗewa. Na yi tafiya, ɗan 'yar'uwata, magidanci da shi, wanda bai daɗe da fara lofe ba, ya shiga ɗakina ya ga fallen ya yi duhu ya yi tauri, ya yanke hukuncin bushewa ce. Ya yanko ɓawon lemo ya jefa, ya rufe. Da na dawo na buɗe, fumfuna ta rufe ta, fari da kore, ga wari na tsohon rumbu. Na kira shi, sai cewa ya yi, "Kawu, ai gyara na yi maka, haka na ga ana yi." Gyara! Wa ya aike ka? Ɓawon lemo, yankan tuffa, ɗanyen dankali, ganyen latas, duk shawarar da ake yawo da ita ke nan, kuma duk abu ne mai ruɓewa ka kulle da taba mai sukari a ɗaki mai ɗumi. Me kake tsammani zai fito? Kuma kada wani ya ce maka ka kankare saman ka sha sauran. Akan ga ɗan ƙyalli-ƙyalli a jikin tsohon falle wanda ba komai ba ne, amma duk abin da ya yi gashi-gashi ko ya canza wari, a zubar da kwalbar gaba ɗaya, a wanke ta da tafasasshen ruwa.

In taba ta bushe da gaske, zuba ta a kwano mai tsabta, ka jiƙa sabon tsumma da ruwan da aka tafasa ya huce, ka matse shi sosai, ka rufe bakin kwanon ba tare da ya taɓa tabar ba. Ka riƙa dubawa kana juyawa. Laushi zai dawo, amma ƙanshin da ya tafi ba duka yake dawowa ba, don haka kada ka mai da wannan al'ada.

Kuskure na biyu shi ne cusawa. Sabon shiga ya saba da yankakkiyar taba da ake dannawa da ɗan yatsa, sai ya kawo wannan hannun kan falle. Falle kuwa kumbura yake yi da ya ji zafi. Abin da ka cusa daidai bakin lofe, bayan minti 5 ya toshe hanyar iska. Kamar murhu ne: in ka cika shi da itace ba ƙofar iska, hayaƙi kawai za ka sha, kuma ba a hura gungume sai da ƙirare. Saboda haka in ninkewa za ka yi, ninke fallen ta tsawo, ka sake ninke shi biyu, ka ɗan murɗa, ka zura da lanƙwasar a ƙasa, bakin zaren na kallon sama, ya shiga sakwa-sakwa. Burbushin da ya zube a takarda ka barbaɗa a kai, shi zai fara kama wuta. Kafin ka ƙyasta ashana, zuƙi lofen haka nan. In ka ji sai ka yi ƙarfi, zazzage ka sake. Mutane na jin ƙyashin sakewa, su gwammace su yi minti 40 suna kokawa.

Akwai masu cewa wanda bai ninke ba bai san falle ba. Ban yarda ba. Ni sabon shiga murjewa nake sa shi ya yi: ya yayyage fallen, ya sa a tafin hannu, ya murza a hankali har ya zama zare-zare. Zare-zare na ce, ban ce gari ba. Na sha ganin mai murzawa har sai ya mai da ita ƙura, ta ci wuta lokaci ɗaya, ragowar ta bi bututu ta shigo masa baki. Ninkewa nakan bar wa zaman waje da yamma in akwai iska, don ta fi jure wa iskar. Hanya ta uku, a yanka fallen da wuƙa ƙanana-ƙanana masu kusurwa, a zuba, a ɗan bubbuga gefen lofe, ba a dannawa sam.

Wajen kunnawa, wuta biyu ake yi. Ta farko ta babbake saman, tabar ta taso, ka daidaita ta da madanni ba nauyi, sannan ka kunna ta gaske. Bari kan ashanar ya gama ci kafin ka kai ta. Laitar nan mai feshin wuta ta masu shisha, nisanta ta da lofe, bakin katakon take cinyewa. Lofe ya mutu a tsakiya ba abin kunya ba ne, a sake kunnawa. Tabar Virginia sukari gare ta, mai gaggawar zuƙa shi take hukuntawa, in kan lofen ya yi zafin da ba ka iya riƙewa, ajiye shi ya huce.

Sauran ƙanana ne. Kada ka murje taba da hannun da ka shafa wa basilin, abin da hunturu ke jawowa ke nan. Kada ka ajiye kwalba a ɗakin uwargida inda ake turaren wuta, ko a cikin mota da bazara. Lofe mai tsukakken ciki ya fi dacewa da falle a kan mai faɗi, kuma sau da yawa rabin falle ya isa. Lofen da aka sha taba mai turare a ciki, irin Erinmore, zai daɗe yana ba ka wannan ƙanshin, ware masa nasa. Irish Flake ta Peterson da ire-irenta suna da ƙarfi, wanda ya sha da yunwa, ko daga shan ruwa da azumi kafin ya ci abinci, jiri da shaƙuwa da gumi za su kwantar da shi. Ba a zare mariƙin lofe yana da zafi, tsagewa yake yi, kuma ba a buga shi a jikin benci don fitar da toka, a tafin hannu ake bugawa.