Kurakuran da masu neman dukiyar ƙasa ke yi da na'urar neman tiyo

Ni aikina a Yamai shi ne gano tiyon ruwa da kabul ɗin kuran da ke binne kafin masu shantiye su sa diga, kuma tun da zinariyar Jado ta fito a 2014 ba a wata biyu wani bai zo min da maganar in ara mishi na'ura ba, wani daji zai tafi, wani kuma an ce mishi kakanshi ya binne tulun kuɗi a tsohon gida. Abin na damuna ƙwarai don na ga wanda ya saida babur ɗinshi ya sayi irinta, ya dawo ba ko dala.

Kuskuren farko, kuma shi ne uwar sauran, mutane na ɗauka duk abin da ke ƙara in an kai shi kusa da ƙasa to ƙarfe yake ji. Irin tamu, su Radiodetection da Vivax-Metrotech, ba haka suke ba. Akwati guda ne ke tura sigina cikin tiyon ƙarfe, galibi a kilohaz 8 ko 33, siginar ta bi tsawon tiyon ta dawo ta cikin ƙasa, sandar da ke hannunka kuma wannan tafiyar take saurare. Ke nan abu mai tsawo take nema. To ƙwayar zinariya kamar gero ko zobe ko tsabar azurfa, ina tsawon da sigina za ta bi? Sai ka taka kanta sau goma na'ura ba ta ce uffan ba. In ƙwayar zinariya kake so, wadda aka ƙera don haka za ka nema, irin Gold Monster 1000 mai kilohaz 45 ko Gold Bug 2 mai 71, ko su GPX in aljihu ya kai, kuma ka yi hattara don jabun GPX sun cika kasuwa, kada ka biya sai an gwada gabanka.

Na biyu shi ne wanda ke hana ni barci. Sandar nan ko ba akwatin tana da wurin da in ka murɗa take jin kuran kai tsaye, haz 50 irin na wutarmu. Mutum ya kunna a cikin kartiye, ta yi ƙara da ƙarfi bakin katanga, zuciyarshi ta buga ya ce ya samu, ya jira dare ya ɗauko diga, alhali kabul mai rai ne a ƙarƙashin ƙafarshi. Don Allah ɗan'uwa in ta yi ƙara kada ka yi gaggawa, ka yi alama da toka, ka matsa gaba taku biyar ka sake, ka koma baya ka sake. In alamun sun jeru kamar layi to tiyo ne ko waya, ka bar wurin. A gaskiya amfanin na'urar ga mai tono ke nan, ta nuna maka inda ba za ka haƙa ba. Kuma shirunta ba ya nufin babu komi, tiyon roba na PVC ba ta jin shi sam, shi ya sa mita ta farko da hannu a hankali ake yi.

Akwai kuma masu aza akwatin ƙasa su tsaya gab da shi da sanda, sai ta yi ta kuka ko'ina, ta iska take jin akwatin. Ka nisance shi kamar mita 10 ko fiye. Lambar zurfin da ke fitowa a fuskarta ma lissafin dogon tiyo ne har tsakiyarshi, a kan dunƙulen abu ba ta da ma'ana.

Wata kuma sanda ce guda mai ruwan ɗorawa ta kamfanin Schonstedt, masu awon fili ke neman turakun ƙarfe da murfin rami da ita. Ita maganaɗisu kaɗai ta sani, ba ta jin zinariya, ba ta jin azurfa ko tagulla ko alminiyom. Wanda ya kai ta Adar wajen Tawa inda duwatsun ke da ƙarfe a jikinsu, ko duk inda marmara take, zai wuni yana tono, ba abin da zai fiddo sai dutse da tsohuwar hauya. Gwajin ba wuya, ka binne ƙusa nan ka binne ɗan kunnen zinariya can, ka bi ta kansu, da kunnenka za ka ji wanda ta sani.

Wadda ke iya taimakawa ita ce mai akwati biyu a kan sanda ɗaya, irin Fisher TW-6 da 'yar'uwarta Gemini-3, amma fa babban abu take ji, akwatin ƙarfe ko tukunyar tagulla, ƙananan tsaba da ke warwatse ba ruwanta da su. Nan kuskuren na saiti ne. Dole ka daidaita ta a fili mai tsabta har ta yi shiru kafin ka fara, nesa da mota da kwanon rufi, ka cire salula da makullai daga aljihu, ka riƙe ta a tsayi guda kada ta dinga lilo, ka bi filin layi-layi gabas da yamma sannan kudu da arewa, inda ƙarar ta haɗu nan ne wurin. Ni kullum nakan ce a binne tsohon gwangwanin fenti a zurfin mita ɗaya a koyi muryar na'urar tukuna. Sannan a tuna dukiyar mutanen da sau da yawa kuɗin wuri ne a cikin tulun yumɓu, wannan ba na'urar ƙarfen da za ta ji shi.

Na'urori masu eriya biyu da ake cewa suna hango zinariya daga kilomita kaza kuwa, kada ka sa sefa ɗaya a ciki. Ka ce mai saidawa ya juya baya ka ɓoye zobe, ya nemo.

Sai maganar doka da mutane ke mantawa. Fili yana da mai shi, haƙar zinariya na buƙatar takarda daga ma'aikatar ma'adinai, tsoffin kayan tarihi kuma dokar 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 ta kare su. Maƙabartar Bura da ke yankin Tera a 1975 aka gano ta, masu bincike na IRSH, cibiyar bincike ta jami'ar Yamai, suka tona ta bisa ƙa'ida a 1983, bayan nan masu tonon ɓoye suka far wa yankin, tukwane da gumakan yumɓu suka yi ta ficewa ƙasashen waje, abin takaici ne wallahi. In digarka ta ci karo da tsoffin tukwane ko ƙasusuwa ka tsaya nan, ka rufe wurin, ka gaya wa mai gari ko ka kai labari gidan tarihi na Bubu Hama. In kuma rami ya wuce tsayin ƙirjinka a ƙasa mai rairayi, kada ka shiga sai an tokare gefunan da katako kuma akwai mutum a sama riƙe da igiya.