Yadda Ake Gano Kamanni Tsakanin Mawaƙan Pop da na Rock

Mai sauraron waƙoƙin Turawa a Kaduna yakan ɗauka cewa tsakanin mawaƙin pop da na rock hanyar jirgi daban, ta mota daban, domin ɗaya yana tafe da rawa da ƙyale-ƙyale, ɗayan kuma da gashi buzu-buzu da ƙarar jita. Saboda haka matakin farko shi ne ka kife wayarka, ka sa abin sauraro a kunne, domin bidiyo ne yake ruɗar mutum tun kafin murya ta iso gare shi.

Daga nan ka ɗauki baiti ɗaya daga kowane mawaƙi, ka maimaita shi sau uku, kana lura da inda yake shaƙar numfashi da yadda yake jan gaɓar ƙarshe har ta yi rawa. Gwada wannan da mawaƙiyar pop Whitney Houston da mawaƙin rock Axl Rose na ƙungiyar Guns N' Roses. Muryarta sumul take, tasa kuwa kamar ana yaga ƙyalle, amma dukansu a coci suka fara waƙa tun suna yara, ita a birnin Newark, shi a jihar Indiana, duk a Amurka, kuma a kunnena wannan horo yana nan a yadda suke riƙe sauti mai tsawo.

Sai ka nemi amshi, wanda Bahaushe ba ya buƙatar a koya masa. Yadda Freddie Mercury na ƙungiyar rock ta Queen ya riƙa jefa wa taron filin wasa na Wembley a Landan sauti a 1985 suna mayar masa, duk wanda ya san Mamman Shata da 'yan amshinsa zai gane tsarin nan take, sai dai a can 'yan kallo ne suka zama 'yan amshi.

Idan kunne ya gama nasa, ka duba sunayen waɗanda suka rubuta waƙar. Max Martin, ɗan ƙasar Suwidin, shi ya rubuta waƙar da ta fito da mawaƙiyar pop Britney Spears a 1998, kuma yana cikin marubutan shahararriyar waƙar da ƙungiyar rock ta Bon Jovi ta fitar a 2000, don haka kamannin ba dace ba ne kawai.

Kafin ka amince da abin da ka ji, ka kunna baitocin biyu ga abokanka a teburin mai shayi a Tudun Wada, ba tare da ka faɗi sunan kowa ba, ka ga ko za su nuna wurin da kai ka nuna.